Lasisin wani a bango, ni ke buga hatiminsa: ya halatta?

Ɗan Benci ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni teknishan ne, na yi shekara 3 a kwalejin fasahar lafiya, kuma ina da rajista da MLSCN, hukumar da ke kula da ma'aikatan lab na lafiya a Najeriya. Wata 8 ke nan ina aiki a wani ƙaramin lab mai zaman kansa. Lasisin da ke rataye a bango na wani sayantis ne, amma tun da na fara sau huɗu kacal na sa shi a ido. Hatiminsa kuwa yana cikin aljihun teburina. Mai wurin ya ce in yi gwaji, in rubuta, in buga hatimi.

Gwajin maleriya da na fitsari ba su taɓa tayar mini da hankali ba. Jiya ne abin ya tsaya mini a rai. Saurayi da budurwa suka zo gwajin jinotayif, saura mako uku biki. Na yarinyar ya fito da wani layi dishi-dishi a takardar gwajin, a gurbin S mai nuna sikila, ga jinin da muke kwatantawa da shi ya ƙare tun makon jiya. Na ɗaga takardar a hasken taga, na juya ta, na sake juyawa, ita kuwa tana tsaye tana murɗa bakin mayafinta. Wallahi hannuna ya kasa rubuta AA. Na ce su dawo, mai wurin ya hau ni da faɗa wai na kori kwastoma. Don Allah manya, ina matsayina a doka?

Anti Sayantis ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka ajiye biro. Shekarata 19 a wannan aiki, kuma zan faɗa maka ba ɓoye-ɓoye: kada ka ƙara taɓa hatimin nan. Dokar da ta kafa MLSCN ita ce ta 11 ta shekarar 2003, kuma a tsarin hukumar teknishan yana aiki ne ƙarƙashin kulawar sayantis. Kulawa kuwa ba takarda a bango ba ce. Mutum ne da zai zo ya duba abin da ka gani kafin sakamako ya fita. Shekara 5 na digiri da shekara 1 ta sanin makamar aiki da sayantis ke yi, don irin wannan rana ake yin su.

Kan yarinyar: ka tambaye ta ko an ƙara mata jini cikin wata ukun da suka wuce, don jinin da aka ƙara yana rikita layukan. Sannan ka tuna ba S kaɗai ke tsayawa a wannan gurbi ba, wasu nau'o'in da ake kira D da G ma nan suke sauka, shi ya sa ake tabbatarwa da gwajin sikila ko HPLC, wato gwajin na'ura mai bambance nau'o'in. A ɗebi sabon jini, a sa na kwatance a gefe, in babu a tura su inda ake da shi. Idan saurayin AS ne ita ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Wannan nauyi ne da bai kamata ka ɗauka kai kaɗai ba.

Abu Hanan ya amsa:

Anti ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: leƙa ka ga shekarar da ke jikin lasisin. Duk shekara ake sabunta shi, kuma sai da makin halartar bitar ƙara ilimi. Naka ma haka. Shi kansa lab ɗin yana bukatar tasa rajistar daban, lasisin ma'aikaci ba ya wadatarwa.

Maman Biyu ta amsa:

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, uwa ce. Kafin aurenmu an ba ni takarda mai hatimi cewa ni AA ce. Ɗana na biyu yana wata bakwai hannayensa suka kumbura, ko taɓa yatsunsa aka yi sai ya ƙwalla ƙara. Da aka sake gwada ni, AS. Har yau takardar nan tana cikin akwatina, ban san wanda ya kalli jinina ranar ba. Malam, ka riƙe gaskiyarka ko da aikin zai tafi.

Ɗan Benci ya amsa:

Allah ya ba yaron lafiya, Maman Biyu, maganarki ta shige ni. Anti, na kira yarinyar, ta ce ba a taɓa ƙara mata jini ba. Na rubuta musu takarda zuwa wani lab mai HPLC. Na kuma samu lambar mai lasisin na gaya masa komai, ya yi shiru, can ya ce zai zo ranar Litinin. Hatimin na sa shi a ambulan na liƙe, yana nan yana jiransa.