Kakar PBA ta 2022/23: ƙungiyoyi uku sun ɗaga kofi, wace ce zakara?

Nura Kwando ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu bin ƙwallon kwandon ƙasar Filifin su fitar da ni daga duhu. Kwanan nan na fara kallon tsofaffin wasannin gasar PBA a YouTube, sanadiyyar wani bidiyon Justin Brownlee, baƙon ɗan wasan ƙungiyar Barangay Ginebra, da na ci karo da shi, sai na tsaya a kan kakar 2022/23. A bidiyo ɗaya na ga San Miguel Beermen suna ɗaga kofi a Satumbar 2022. A wani kuma Barangay Ginebra ne ke murna a Janairun 2023, kuma da wata ƙungiya daga Hong Kong suka kara a wasan ƙarshe. Sai ga TNT su ma da nasu kofin a Afrilu. Duk da haka ana cewa kaka ɗaya ce. To wa ya ci gasar ke nan? Kuma me ya kai ƙungiyar Hong Kong cikin gasar wata ƙasa? Ni da tsarin NBA na saba, inda zakara ɗaya ake fitarwa a shekara, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai.

Abban Sadiq ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena Nura. Duka ukun da ka gani zakarun gaske ne. A PBA ana raba kaka gida uku, kowane kashi da nasa wasannin share fage, da zagayen cire ƙungiyoyi, da jerin wasannin ƙarshe, da kofi. Idan an gama ɗaya sai a share allo, kowa ya koma sifili. Babu wani wasa da ake haɗa zakarun uku a ƙarshen shekara don a fitar da gwani na gwanaye. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu, tun da aka kafa gasar a 1975 yawancin kakanninta haka suke tafiya.

Abin da ya bambanta kofunan shi ne baƙon ɗan wasa. A Kofin Filifin ba a yarda da baƙo ba sam, 'yan ƙasa ne zalla. A Kofin Kwamishina kowace ƙungiya na ɗauko baƙo ɗaya, kuma akan bar shi ya zama dogo. A waccan kakar iyakar tsawo ƙafa 6 da inci 10 ce. A Kofin Gwamnoni ma baƙo ɗaya ne, amma an rage iyakar zuwa ƙafa 6 da inci 6. Ga yadda ta kaya a wasannin ƙarshe na 2022/23, inda wanda ya fara cin wasa huɗu ke ɗaukar kofi: San Miguel ta doke TNT da wasa 4 da 3 a Kofin Filifin, Ginebra ta doke Bay Area Dragons, ƙungiyar Hong Kong ɗin nan, da 4 da 3 a Kofin Kwamishina, TNT kuma ta doke Ginebra da 4 da 2 a Kofin Gwamnoni.

In ka matsa mini lallai sai na zaɓi ɗaya, San Miguel zan ce maka. Kofin Filifin shi ne wanda mutanen ƙasar suka fi girmamawa, kuma ina ganin suna da gaskiya. Baƙo ɗaya ƙwararre yana iya rufa wa ƙungiya asiri na wata uku, ya riƙa zuba maki talatin da arba'in kowane dare, har ka manta sauran ba su da ƙarfi. Ranar da aka ce babu baƙo, ranar ake sanin wanda ya gina ƙungiya. San Miguel tana da June Mar Fajardo, dogon ɗan wasan nan mutumin Cebu, wanda ya zama gwarzon gasar sau shida a jere daga 2014 zuwa 2019. Ya karye a ƙwauri a wurin atisaye a farkon 2020, mutane da yawa suka ɗauka ta ƙare masa. Ya dawo, ya ci wannan kofin, aka ba shi gwarzon wasannin ƙarshe, sannan aka ba shi gwarzon kakar baki ɗaya, karo na bakwai.

Amma in zancen abin da ya zauna a zukatan mutane ake yi, to daren 15 ga Janairun 2023 ne, daren wasa na bakwai tsakanin Ginebra da Bay Area Dragons. A lokacin ina karatu a Manila, kuma Allah ya sa ina cikin waɗanda suka shiga zauren.

Bay Area Dragons gayyato ta aka yi a matsayin baƙuwa. An kafa ta ne domin wata gasar ƙungiyoyin Gabashin Asiya, ta zo ta yada zango a Manila, sai PBA ta ba ta gurbi a Kofin Kwamishina kaɗai, ta zama ta 13 a kan ƙungiyoyi 12 na gida. Kocinta Brian Goorjian ne, wanda ya kai Ostareliya ga lambar tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo. Ba da wasa suka zo ba: su suka gama a saman teburi, suka fitar da San Miguel a wasan kusa da na ƙarshe. Suna da baƙi biyu, Andrew Nicholson da Myles Powell, amma doka ta ce ɗaya kawai za su sa a lokaci guda. A wasannin ƙarshe, Nicholson ya ji ciwo a idon sawu a wasa na uku, Powell ma yana jinya, suka buga na huɗu babu baƙo ko ɗaya kuma suka ci. Daga nan ne hankalin gari ya tashi, domin kowa ya ga da gaske kofin yana iya barin ƙasar.

Aka kai wasa na bakwai Philippine Arena da ke Bocaue a lardin Bulacan, arewa da Manila. Tun da rana babbar hanyar NLEX ta cika da motoci da bas-bas, duk inda ka waiga jar riga ce da fara. Kujerata tana can sama ƙwarai, 'yan wasan sai ka ce yara ƙanana, sai da taimakon babban allo nake gane fuska. Wanda ke gefena dattijo ne da jikarsa, sanye da tsohuwar riga mai lamba 7, lambar Robert Jaworski, mutumin da ya yi wa Ginebra wasa da koci a lokaci guda kafin ya zama sanata a 1998. Ya gaya mini shi kansa ba ya iya tuna yaushe ya fara goyon bayansu. A ƙasa da mu kuwa akwai wasu samari da rigar San Miguel, abokan hamayya, amma a daren nan da su ake rera “Gi-ne-bra! Gi-ne-bra!”, ana ji kujeru na rawa. Mutum 54,589 aka ƙirga, adadin da gasar ba ta taɓa gani ba. Wasan kansa bai yi zafi ba, Ginebra ta tsere tun kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 114 da 99. Dattijon nan tsaye ya kalli zango na huɗu gaba ɗaya, hannunsa a kan kafaɗar jikarsa.

Kwana kaɗan kafin wannan wasan aka sa hannu kan dokar da ta mayar da Brownlee ɗan ƙasar Filifin. Saboda haka wanda ka gani a bidiyon baƙo ne a takardar gasa, amma a wurin 'yan kallo ɗan gida ne.

Maman Ilham ta amsa:

Abban Sadiq, Allah ya saka da alheri, bayani ya fito. Sai dai akwai abin da ka tsallake, kuma ya kamata Nura ya sani tun yanzu. Ƙungiyoyin PBA ba na garuruwa ba ne, na kamfanoni ne, kuma sunan haja suke ɗauka. San Miguel giya ce, Ginebra ma barasa ce, TNT layin waya, Meralco kamfanin wutar lantarki, Rain or Shine fenti. Da yawa daga cikinmu ƙwallon muke so, sunan ba ya yi mana daɗi, amma haka abin yake.

Babbar matsalar ita ce kamfani ɗaya, San Miguel, shi ke da Beermen da Ginebra da Magnolia. Rukunin kamfanonin Manuel Pangilinan kuma yana da TNT da Meralco da NLEX. Rabin gasar ke nan a hannun gida biyu. Ku sake duba zakarun kakar da muke magana a kai: biyu na gidan farko, ɗaya na gida na biyu. Ko a wasannin ƙarshe guda ukun, in ka cire baƙuwar Hong Kong, babu wata ƙungiya daga wajen gidajen nan da ta leƙa. A 2017 Kia ta miƙa wa San Miguel damarta ta zaɓen farko na sababbin 'yan wasa, suka ɗauki Christian Standhardinger, rikicin da ya biyo baya har ya kai ga saukar kwamishinan gasar Chito Narvasa. A 2021 Terrafirma ta saki CJ Perez, fitaccen ɗan wasanta, shi ma ya tafi San Miguel. Alaska, wadda ta ci kofi 14, ta tattara ta bar gasar a 2022, ta sayar wa Converge gurbinta. Ni wannan ya fi damuna a kan yawan kofuna. Kofi uku a shekara ya kamata ya zama dama uku ga ƙaramar ƙungiya, amma ga shi hannaye ɗaya ke karɓa.

Nura Kwando ya rubuta:

Na gode Yaya, na gode Hajiya, yanzu kam na fahimta. Tambaya biyu ta rage. Wannan iyakar tsawon, da gaske auna mutum ake yi? Sannan an taɓa samun ƙungiyar da ta haɗa kofunan uku a kaka ɗaya?

Abban Sadiq ya amsa:

Hajiya, maganarki dutse ce, ba ni da ja. Abin da zan ƙara kawai shi ne matasan da suka fi ƙwarewa ma sun fara neman wata hanyar. Thirdy Ravena ya tafi gasar Japan a 2020 bai taɓa buga PBA ba, wansa Kiefer ya bar NLEX ya bi shi a 2021, wasu kuma sun nufi Koriya ta Kudu. Duk wanda ke ƙaunar gasar dole wannan ya tsaya masa a rai.

Nura, ƙwarai ana aunawa. Jami'an gasar da kansu suke auna baƙo kafin ya buga wasa ko ɗaya, ba ruwansu da abin da aka rubuta masa a wata ƙasar. Wanda ya haura iyaka ko da ɗan kaɗan ne, sai ƙungiya ta nemi wani. Hikimar a fili take: in aka saki ƙofa a kowane kofi, duk ƙungiya za ta ɗauko dogon da zai tsaya ƙarƙashin kwando, dogayen gida su rasa wurin koyo. Shi ya sa baƙin Kofin Gwamnoni suka zama masu iya komai, su riƙe ƙwallo, su raba, su jefa daga nesa, su yi tsaro. Brownlee irinsu ne, tun da ya zo a 2016 ya jefa ƙwallon nan mai maki uku daidai ƙarar ƙarshe a kan Meralco, ya kawo wa Ginebra kofi bayan shekara takwas tana jira. Rondae Hollis-Jefferson, tsohon ɗan wasan Brooklyn Nets, shi ma irinsu ne, kuma da shi TNT ta ci Kofin Gwamnoni na 2023, na farko a tarihinta. Bayan wata shida mutanen nan biyu suka sake haɗuwa a Hangzhou, a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Asiya, Brownlee da rigar Filifin, Hollis-Jefferson da rigar Jodan. Filifin ta ci 70 da 60, zinarenta na farko a ƙwallon kwandon wannan gasa tun 1962, kuma kocin Ginebra Tim Cone ne ya jagorance su.

Haɗa kofuna uku kuwa sau biyar aka taɓa yi: Crispa a 1976 da 1983, San Miguel a 1989, Alaska a 1996, sai San Mig Coffee a 2014. Biyun ƙarshen duka Tim Cone ne koci. Yana da wuya ne saboda ƙungiya tana buƙatar 'yan gida masu ƙarfi, ta kuma dace da baƙo har sau biyu, sannan jikin 'yan wasa ya jure kusan wata goma sha ɗaya ana buga wasa mai minti 48. Kakar da muke magana a kai daga Yunin 2022 ta fara, sai Afrilun 2023 ta ƙare. TNT ta kusa a 2024/25: ta ci Kofin Gwamnoni, ta ci na Kwamishina, duka a kan Ginebra, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Filifin, sai San Miguel da Fajardo suka tare mata hanya. In ka kalli wasannin kakar 2024/25 ɗin za ka ga wani ƙarin layi a bayan na maki uku, to na maki huɗu ne, a nisan ƙafa 27, a 2024 suka shigo da shi.

Tunda tsofaffin wasanni kake bi, nemi wasannin ƙarshe na Kofin Filifin da aka kammala a Fabrairun 2016, San Miguel da Alaska. Alaska ta ci uku na farko a jere, Fajardo yana jinyar gwiwa a gefe, San Miguel ta dawo ta ci huɗun da suka rage. Ka fara daga wasa na huɗu, ka kuma sa ido a kan Chris Ross, ɗan wasan San Miguel.