Kwalejin noma ko in sake zaman JAMB?

ɗan_kurna:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Makina na JAMB bai kai na BUK ba, shine Baba yace in nemi kwalejin noma ta Audu Bako dake Dambatta tunda muna da gona a wajen Kura, ni kuma abokaina sai tsokanata suke wai zan tafi karatun riƙe fartanya. In je ko in haƙura sai baɗi?

malamin_gona:
Wslm ƙanina, rabu da su. Difloma shekara 2 ce, kayi shekara 1 ta sanin makamar aiki, ka dawo babbar difloma wato HND shekara 2 sai bautar ƙasa. In sakamakonka yayi kyau kana iya shiga jami'a kai tsaye aji biyu, digirin noman ma ai shekara 5 ne. Kawai ka tabbatar hukumar NBTE mai kula da makarantun fasaha ta amince da kwas ɗin kafin ka biya ko sisi.

baban_kadawa:
Yaro kana da gona a Kura kake wannan tambayar? Ruwan Tiga na bi ta hanyarku rani da damina. Mu da muka gaji noma, a 2016 muna ji muna gani tsutsar nan Tuta ta cinye mana tumatir, muna ta zuba magani barkatai ashe tana cikin ganyen ne maganin baya kaiwa gareta, ga asarar kuɗin feshi ga asarar amfani, wallahi da muna da yaro ɗaya da ya san ƙwari da awon taki da ba haka ba. Jeka ka koyo.

hajiya_dawanau:
Ni dai gsky ba zan ce kar ka je ba ɗana, amma takarda bata sayen taki. Kuma noman ba shine wahalar ba, ajiya ce. Wake nawa ke zuwa mana Dawanau ƙwari sun huda shi? Akwai kwalejin tarayya a Hotoro da aikinta kenan, kula da amfanin gona bayan girbi, ga ta cikin gari ba sai ka kama haya ba. Ka leƙa can ma.

ɗan_kurna:
Nagode iyayena, Allah ya saka. Hajiya ita ta Hotoron ma sai na canza a JAMB ko akwai fom ɗinsu daban?