Idan Hasumiyar Filin Jirgi Ta Rufe: Abin da Matuƙa Suka Ba da Shawara

A 2013, lokacin da aka zabge kasafin kuɗin gwamnatin Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ta sanar da shirin rufe hasumiyoyi 149 masu kula da zirga-zirgar jirage a ƙananan filaye. Majalisa ta shiga tsakani, aka fasa. Amma har gobe akwai hasumiyoyin da ke tashi aiki da dare, shi ya sa maganar ba ta mutu ba tsakanin matuƙa da masu koyar da tuƙi.

Abin da bakinsu ya fi haɗuwa a kai shi ne rediyo. In hasumiya ta rufe, babu mai ba ka izinin sauka ko tashi, don haka kowa zai riƙa sanar da kansa a tashar da aka ware wa filin, wato CTAF: tun kana mil 10 ka faɗi inda kake da tsayinka da nufinka, ka maimaita duk sanda za ka sha kwana kana zagaya filin kafin sauka. A taƙaice kuma, domin surutun mutum ɗaya yana toshe saura.

Sai dai tsofaffin hannu sun ja kunne cewa shiru ba ya nufin babu kowa. Wasu ƙananan jirage ba su da rediyo sam, wani kuma yana kan tashar da ba ita ba. Ido ne aikin, a ganina nan ne asalin maganar. Wuri mafi haɗari shi ne gab da sauka, inda jirgi mai gudu ke iya riskar na gabansa ta sama ba tare da ya gan shi ba.

Sun ce a bi zagayen filin da aka saba yi kafin sauka, ƙafa 1,000 daga ƙasa, ana juyawa hagu, sai in taswirar filin ta nuna dama. Ka kunna fitilunka ko da rana. In ka yi shakkar wanda ke gabanka, fasa saukar, ka sake zagayowa.