Log ɗin saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet): a bar shi a /var/log ko a maido shi foldar shafi?

Ɗan Gusau: Salam jama'a. Ni dai ra'ayina duk mai son AWStats, manhajar ƙirga masu shigowa shafi, ya yi mishi aiki ba ciwon kai to ya kwashe access.log, fayil ɗin da manhajar saba Apache ke rubuta masu shigowa, daga /var/log/apache2 ya maido shi cikin public_html, foldar shafin. Shafin wata makaranta da nake kula da shi nan Gusau kullum sifili yake nuna min, ina canza wurin a CustomLog, layin da ke faɗa wa Apache inda zai rubuta log, sai ga lissafin masu shigowa ya fito tas.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena don Allah ka fidda shi daga nan tun kafin dare. Abin da ke public_html kowa na iya buɗe shi da burauza in ya canki suna, kuma access.log ba suna ne mai wuyar canka ba. Cikinshi akwai IP na duk wanda ya shigo, da lokaci, da shafin da ya buɗe, da irin wayarshi, wani sa'in har lambar ɗalibi in tana cikin adireshin, iyayen yara ne fa ke duba sakamako, kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana kanka.

Ɗan Gusau: Yaya ai na toshe shi da .htaccess, fayil ɗin dokokin folda

Injiniya: In AllowOverride, saitin da ke ba .htaccess izinin aiki, na kan None, Apache ko kallon .htaccess ɗin ba ya yi. Ranar da kunka bar Apache kunka koma takwaranshi nginx kuma shi sam bai san da ita ba.

Anti Maryam: Ni abin da ya dame ni ba a ma gano ciwon ba anka ba da magani. Sifilin nan ba wuri ya kawo shi ba, izini ne. A Ubuntu da Debian fayil ɗin na root (babban asusun saba) ne da rukunin adm, izininshi 640, wato su kaɗai ke karanta shi, shi ko AWStats asusun www-data ke tada shi ta cron mai tada ayyuka kan lokaci, ina zai karanta? Sannan ka duba LogFormat a /etc/awstats, in log ɗinka tsarin combined ne, mai cikakken bayani, 1 za ka sa, ba 4 ba.

Na Argungu: To a buga mishi chmod 777 mana, a buɗe wa kowa izini a huta

Anti Maryam: Gobe logrotate, manhajar da ke juya log, zai yanka shi ya buɗe sabo da 640, ka koma gidan jiya. Kuma Ɗan Gusau ka sani logrotate /var/log/apache2/*.log kawai yake bi, kullum yana juyawa ya ajiye 14, wanda ka ɗauke ba mai yanka shi, haka zai yi ta kumbura har diski ya cika shafin ya tsaya ana tsakiyar rajista.

Na Argungu: To sa www-data cikin adm, ni haka nake yi wallahi lafiya lau.

Injiniya: Nan ban yarda ba. Wani ya samu ƙofa ta tsohon fulogin na WordPress shi ke nan ya karanta auth.log da syslog, log ɗin shiga saba da na tsarinta, gaba ɗaya. Gara ka gyara layin create, wanda ke sa wa sabon log izini, a /etc/logrotate.d/apache2, ka ba log ɗin shafin rukuni nashi daban.

Ɗan Gusau: Na ji, amma har yanzu ban yarda dole sai /var/log ba. cPanel, manhajar kula da shafuka, ai cikin gidan mai asusu, wato babbar foldarshi, yake nuna log, akwai access-logs a can, kuma a CentOS ma /var/log/httpd ne, kowa da nashi.

Anti Maryam: Gidan mai asusu daban, public_html daban. Ka yi folda logs a gefenshi ba cikinshi ba, kowane shafi da fayil ɗinshi, ka ƙara hanyar a logrotate, ka sa AWStats ya karanta a prerotate, sashen logrotate da ke aiki kafin a yanka, don kada na ƙarshen dare su ɓace.

Ɗan Gusau: To Anti turo min layin prerotate ɗin in gwada bayan la'asar.