Waɗanda aka taɓa yi wa hoton gwiwar hannu, ku ba mu labari

Wata uwa daga Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan shekara 6 ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ya dafa ƙasa da tafin hannu, gwiwar ta kumbura suntum. Kakarsa ta ce a kira mai ɗori, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da hoto. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Malamin firamare: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah hoto tukuna. 'Yata ma haka ta faɗi, muka kai ta asibitin ƙashi na Dala. Hoto biyu suka ɗauka, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe da hannun a lanƙwashe. Na gefen ne ya nuna karayar, can sama da gaɓar kaɗan. Likita ya ce jijiyar jini na bi ta wajen, shi ya sa yake ta taɓa bugun wuyan hannunta yana cewa ta motsa yatsu. Da an ɗaure ta tamau da karare, da yatsun sun iya shanyewa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ɗan acaɓa: Ni hotona na farko ba a ga tsaga ba. Amma likita ya nuna min wata 'yar inuwa baƙa a bayan ƙashin, ya ce kitsen gaɓa ne jini ya turo, alamar akwai karaya a ɓoye. Ya rataye min hannun, bayan kwana 10 aka sake hoto, sai ga ta.

Tela: Nawa ba faɗuwa ba ce, ciwon gefen gwiwa ne saboda yawan riƙe almakashi. Hoton ƙashi bai ga komai ba, sai da aka shafa min man nan mai sanyi aka yi sikanin irin na masu juna biyu, aka ga jijiyar ta yi rauni.

Wata uwa daga Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna abin da Malam ya rubuta, ta ce mu tafi. Ga mu a hanya.