Wane faifan Charles Ives zan fara da shi, kuma me ya sa sautin ke cakuɗewa?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana kan faifan simfoni (dogon kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa, mai kashi-kashi) na Charles Ives, Ba'amurken nan mai rubuta kiɗa da ya rayu daga 1874 zuwa 1954. A simfoni na huɗu, kashi na biyu, sai a ji kamar makaɗan kowa ya kama gabansa. Laifin ɗaukar sautin ne ko haka aka rubuta shi? Kuma a simfoni na biyu, me ya sa amon ƙarshe gajere ne a wani faifan, a wani kuma a ja shi?

Tsohon_Faifai:
Wa alaikumus salam. Malam, haka Ives ya rubuta abinsa. Mahaifinsa shugaban 'yan badujala ne a garin Danbury na jihar Connecticut, kuma ɗan ya tashi da son jin ƙungiyoyi biyu suna kiɗa daban-daban a lokaci guda. A kashin da ka ambata, makaɗan sukan rabu, kowane rukuni da nasa saurin, har jagora ɗaya ba ya iya riƙe su cikin sauƙi. Shi ya sa da Leopold Stokowski ya fara gabatar da simfonin cikakke a 1965 tare da American Symphony Orchestra, sai da mataimaka biyu suka tsaya masa. Ɗaya daga cikinsu, José Serebrier, daga baya ya ɗauki simfonin da London Philharmonic a 1974.

Faifan Stokowski na kamfanin Columbia yana da zafi, amma inda kiɗan ya yi kauri sai komai ya dunƙule. In kana son ka rarrabe wa ke yin me, nemi na Michael Tilson Thomas da Chicago Symphony, ko na Gustavo Dudamel da Los Angeles Philharmonic da Deutsche Grammophon ta fitar a 2020, mai ɗauke da simfoni huɗun duka. A ganina na Dudamel ya fi tsabtar sauti, na Tilson Thomas ya fi tsari.

Hajiya_Sarewa:
Ɗan'uwa, batun amon ƙarshe aikin Leonard Bernstein ne. Shi ya fara gabatar da simfoni na biyu a 1951 da New York Philharmonic, kusan shekara hamsin bayan rubuta shi, ya ɗauke shi a faifai a 1958, ya sake a 1987. A takardar kiɗan, amon nan mai karo da juna gajere ne, bugu ɗaya a tsaya. Bernstein ya ja shi, ya kuma yanke wani yanki a kashi na biyar. Da yake da faifansa mutane da yawa suka san simfonin, sai kunne ya saba, har ake ganin gajeren ne kuskure.

Akwai kuma matsalar takardun kansu. Bugun farko yana da kurakurai, har a alamomin sauri. Jonathan Elkus ya gyara shi, kuma Kenneth Schermerhorn ya ɗauki gyararren da Nashville Symphony a kamfanin Naxos. Saboda haka kafin ka saya, duba ɗan littafin da ke cikin faifan ka ga wane bugu aka bi. Saurari minti biyun ƙarshe na Bernstein, ka bi da na Schermerhorn nan take, za ka ji bambancin. Ni dai ba na cewa a yar da na 1958, armashinsa daban ne.

Injiniyan_Amo:
Ƙari kan abin da Malam da Hajiya suka faɗa: rabin cakuɗewar daga na'urar saurare take. Ives yakan ware 'yan makaɗa kaɗan ya ajiye su nesa. A kashi na farko da na ƙarshe na simfoni na huɗu akwai ƙaramin rukunin goge da garayar Turawa da ake so a ji kamar daga can wani wuri. Lasifikar waya tana haɗe hagu da dama, sai nisan ya ɓace.

Ga yadda za ka yi. Sa iyafis mai kyau ko lasifika biyu da ka raba su da tazarar kamar mita 2. A manhajar saurare, kashe abin da ke daidaita ƙarfin sauti, domin yana iya danne wurin ƙara, ka rasa tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. Zaɓi FLAC (fayil ɗin sauti da ba a rage masa inganci ba) ko CD maimakon MP3 mai kilobit 128 a sakan, wanda ke dagula sautin kuge da na goge. Sannan ka saita ƙara da wurin da ya fi shiru.

Don gwaji, sa wani gajeren kiɗan Ives mai suna The Unanswered Question. Masu goge suna tafiya a hankali ƙasa-ƙasa daga farko har ƙarshe, ƙaho yana tambaya sau bakwai, sarewa huɗu suna amsawa sau shida, kowace amsa ta fi ta baya gaggawa. In ba ka jin gogen a ƙarƙashin sarewar, ƙara sautin kaɗan, ko kuma injiniyan ya kusanto da makirufo ga masu busa fiye da kima, sai ka sauya faifai.

Mai_Neman_Sani:
Na gode ƙwarai. Zan fara da na biyu, Bernstein da Schermerhorn a jere, in kunne ya zauna sai in koma na huɗu.