Ina so in koma aikin nazarin tsarin kwamfuta, masu ciki ku ba ni shawara

Sa'adatu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kimiyyar kwamfuta na karanta, kuma yanzu ina sashen da ke kula da matsalolin ma'aikata a wani kamfani. In firinta ta ƙi bugawa ko wani ya manta kalmar sirrinsa, ni ake kira. Gaskiya na ƙosa. Na iya Python, wani yaren rubuta manhaja, daidai gwargwado, sai dai zaman rubuta manhaja daga safe har yamma ba ya burge ni. Wani abokin aikina ya ce in nemi aikin mai nazarin tsarin kwamfuta, wai zai dace da ni tunda ban gajiya da tambaya.

To me mai wannan aikin yake yi a wuninsa? Digirina ya isa, ko sai na ƙara wata takardar shaida? Albashin fa, ya kai na masu rubuta manhaja? Kuma da wannan ƙirƙirarriyar basira da ta shigo, kada in je in yi gudun gara in faɗa gidan zago.

Malam Habu ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe a wannan aikin, bari in ba ki misali ɗaya, zai fi dogon bayani.

An taɓa tura ni wani kamfanin rarraba kaya. Kukansu shi ne manhajar sito tana ƙarya: ta nuna akwai katan kaza, a sayar wa mutum, a je ɗauka a tarar babu. Manaja ya riga ya yanke hukunci cewa a sayo sabuwar manhaja. Ban musa masa ba, na dai roƙi a bar ni in wuni da mai kula da sito. Can da hantsi sai na ga ya jawo wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur yana rubutu. Na ce wannan fa? Ya ce ai kayan da aka biya kuɗinsu ba a zo ɗauka ba, su yake ware wa gefe yana rubutawa. Manhajar hali biyu kawai ta sani, kaya na nan ko kaya sun fita. Hali na uku, wato an biya amma suna ajiye, ba shi da gurbi a cikinta, sai a littafin bawan Allah nan. Aikina shi ne na zana yadda kaya ke tafiya daga oda har fita, na rubuta abin da za a ƙara a rumbun bayanai, wa ke da ikon canza halin kaya, da abin da zai faru in mai kaya ya fasa. Na miƙa wa masu rubuta manhaja, da suka gama na zauna da mai siton muka gwada tare. Ba a sayi komai ba.

Rabin wuninki taro ne da sauraro, sauran rabin rubutu da zane. Abin da zai fi ba ki wahala mutane ne, domin sau da yawa wanda ya san yadda aiki ke tafiya yana tsoron in ya faɗa miki komai na'ura za ta maye gurbinsa. Sai kin iya zama da shi har ya saki jiki.

Digirinki ya isa, shi ne abin da yawancin masu ɗaukar aiki ke nema. Abin da zan ce ki ƙara shi ne SQL, wato yaren da ake ciro bayanai da shi daga teburan rumbun bayanai, ki iya shi sosai har ki haɗa tebura uku ko huɗu ki ciro amsa da kanki ba tare da kin jira kowa ba. Sai zane-zanen UML da BPMN, waɗanda da su ake nuna tsarin manhaja da yadda aiki ke tafiya, da zanen alaƙar bayanai. Ki kuma san yadda masu aiki da tsarin Scrum, wato raba aiki zango-zango gajeru, ke tsara aikinsu a Jira, manhajar bin diddigin ayyuka, domin a can za ki riƙa zuba buƙatun da kika tattaro.

Injiniya Binta ta amsa:

Malam Habu ya gama magana a kan aikin. Ni zan taɓa takardun shaida, domin nan ake cinye wa mutane kuɗi. Ƙungiyar IIBA ta masu nazarin harkokin kamfani, wadda aka kafa a Kanada a 2003, tana da takardun shaida mataki-mataki. Matakin farko, ECBA, ba ya buƙatar kin taɓa aikin. Na biyu, CCBA, yana neman awa 3,750 na aiki cikin shekara 7, na uku, CBAP, kuma awa 7,500 cikin shekara 10, wato kusan shekara huɗu kina aikin ba fashi. Saboda haka duk wanda ya ce zai horar da ke ki zama mai CBAP cikin wata biyu alhali ba ki taɓa aikin ba, ki riƙe kuɗinki. BCS, ƙungiyar ƙwararrun kwamfuta ta Birtaniya, ita ma tana da tata difloma. Amma ki lura, waɗannan sun fi karkata ga nazarin harkokin kamfani, shi kuwa mai nazarin tsari ana so ya fi nutsawa a ɓangaren fasaha. A wurare da yawa mutum ɗaya ke yin duka biyun.

Ni dai in ina zaman tantance masu neman aiki, takarda tana sa in kira mutum ne kawai. Da ya zauna sai in ba shi matsala in ga irin tambayoyin da zai yi.

Nura ya amsa:

Ni fa ina da ja. Kowa na kawo alƙaluman Amurka, inda hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ce matsakaicin albashin wannan aikin ya ɗan haura dala 100,000 a shekara a 2023. Gaskiya ne, amma kafin haraji ke nan, kuma na can ne. A can ɗin ma masu rubuta manhaja sun fi haka samu. Wata ƙasar ba za a ba ki ko kusa da shi ba. Sannan ƙananan kamfanoni ba su cika ware kujera don wannan aikin ba, mai rubuta manhajar ne ke haɗawa da shi. Bankuna, kamfanonin inshora, na sadarwa, manyan asibitoci da hukumomin gwamnati, nan kujerun suke. In burinki aiki daga gida da kamfanin wata ƙasa ne, rubuta manhaja ya fi sauƙin samu, don manazarci ana so ya san kamfanin ciki da bai.

Injiniya Binta ta sake amsawa:

Ban ƙi ta taka ba Nura, amma ka bar rabin zancen. Manazarcin da ya ƙware a fanni ɗaya, misali biyan kuɗi ta intanet ko manyan manhajojin tafiyar da kamfani irin su SAP da Salesforce, ba a yi masa tayin wasa. Yanzu kamfanoni sun fi sayen manhaja shiryayya a kan su gina tasu, sai a nemi wanda zai auna inda ta dace da aikinsu da inda ta gaza. Daga nan kuma hanya a buɗe take zuwa mai tsara ginin manhaja ko manajan aiki. Ita kuwa ƙirƙirarriyar basira, ina amfani da ita wajen tsara rahoton taro da zanen farko, ta rage mini aikin rubutu ƙwarai. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne waɗanda aikinsu bai wuce kwafe abin da manaja ya faɗa su miƙa gaba ba.

Sa'adatu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage mini shi ne duk tallan aikin da na gani suna neman gogewar shekara biyu ko uku. Ta ina zan samo ta?

Malam Habu ya amsa:

Daga inda kike zaune. Koke-koken da ake kawo miki ai duk a rubuce suke. Ki ciro na wata shida, ki ware su, ki ga wace matsala ce ke ta dawowa. Ki bi ta har tushe, ki zana yadda aikin ke tafiya yanzu da yadda ya kamata ya tafi, ki rubuta shafi biyu ki kai wa shugaban sashenku. Sannan duk ranar da kika ji za a kawo sabuwar manhaja a kamfanin, ki roƙi a sa ki cikin masu gwada ta kafin a fara aiki da ita. Waɗannan biyun za ki ɗora a takardar neman aikinki, amma ki cire sunayen mutane da bayanan kamfani kafin ki nuna wa kowa. In kin yi zanen, ki turo nan mu duba miki.